Gyambon kwanciya ba tsufa ke kawo shi ba

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa ba mu da gidajen da ake kai tsoho a biya kuɗi a kula da shi irin na Ingila da Amurka, kuma yawancinmu abin kunya muke ɗaukar hakan. Tsohon da ciwo ya kwantar, ko dai yana ɗakinsa a cikin gida, ko a gadon babban asibitin ƙaramar hukuma, ko asibitin kuɗi, ko gidan gajiyayyu a birni in ba shi da kowa. Sai kuma abin da ya fara yawa yanzu: 'ya'ya suna Kano ko Abuja, su ɗauko wata mata su riƙa biyan ta a wata ta zauna da Inna. Wuraren sun bambanta, amma raunukan da ake samu iri ɗaya ne, maganar da ake binne su da ita ma ɗaya ce: "Ai jiki ne ya tsufa."

Wannan maganar tana ci mini rai, domin yawancin waɗannan raunuka suna da sanadi sananne, suna da awar da suka fara, kuma akwai wanda ya kamata ya gani bai gani ba.

Mu fara da gyambon kwanciya, shi ne ya fi yawa, shi ne kuma ya fi ɓoyuwa. Naman da ke tsakanin ƙashi da shimfiɗa yana rayuwa ne da jinin da ke bi ta ƙananan jijiyoyi. Nauyin jiki ya danne su, jini ya tsaya. Mai lafiya ko barci yake yi zai muskuta bai ma sani ba. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko ya karye a ƙugu, ko aka yi masa allurar barci, ba zai muskuta ba. Awa biyu zuwa uku a kan tabarma ko katifar da ta mutu sun isa nama ya fara lalacewa. Kuma sau da yawa daga ciki yake farawa, daga jikin ƙashi, kamar cin gara: abin da ido ya gani a sama bai kai abin da ke ƙasa ba.

Wuraren da za a duba su ne ƙasan tsatso inda ƙashin zama yake, gefen ƙugu biyu, dunduniya, idon sawu, allon kafaɗa, gwiwar hannu, ƙeya da bayan kunne. A littattafan Turawa ana cewa a nemi inda ya yi ja. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai, shi ya sa ake makara. Abin da za ka nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ya fi shi ɗumi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi taushi kamar ruɓaɓɓen tumatir. A duba da hasken rana ko tocila mai ƙarfi, a taɓa da bayan hannu. Wannan shi ne mataki na farko, fata ba ta fashe ba, kuma in aka ɗauke wa wurin nauyi gaba ɗaya yana iya komawa daidai cikin 'yan kwanaki. Mataki na biyu bororo ne ko saluɓewar fata. Na uku rami ne har ana ganin kitse. Na huɗu ya kai tsoka ko ƙashi, jinyarsa watanni ce, wani lokaci sai an yi tiyata, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga jini su kashe mutum.

Babban abin da ke ɓoye shi a gidajenmu kunya ce. Ɗa ba ya buɗe bayan mahaifiyarsa, matar ɗa tana jin nauyin surukinta, jikar da aka bar wa jinya shekararta 12. Kowa ya shigo ya durƙusa ya ce "Inna, ya jiki?" ta ce "Da sauƙi," a fita. Sai wari ya fallasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A zaɓi mace ɗaya baliga ga tsohuwa, namiji ɗaya ga tsoho, wanda aikinsa ne ya ga fatar nan da idonsa kullum.

Juyawa kuwa duk bayan awa 2 ne, dare da rana, wato sau 12 a kwana ɗaya. Wasu kan ce "muna juya ta duk lokacin salla," suna ganin sun yi ƙoƙari. Ƙirga ka gani: daga Asuba zuwa Azahar ya kai awa 7, daga Isha'i zuwa Asuba ya fi haka. A nan gyambon ke samun wurin shiga. A manna takarda a bango, a rubuta ƙarfe nawa, wane ɓangare, wa ya juya. Mutum ɗaya ba zai iya wannan aiki ba, ko uwarsa ce. Sai an yi karɓa-karɓa.

Yadda ake juyawar ma yana da ƙa'ida. Ba a kwantar da mutum tsaf a kan ƙashin ƙugu, a ɗan karkata shi ne a tokare bayansa da filo, nauyin ya sauka a kan tsokar ɗuwawu. Filo ɗaya tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri yadda dunduniya za ta rataya ba ta taɓa komai ba, ka iya zura hannunka ta ƙarƙashinta. Ba a jan mara lafiya a kan shimfiɗa, fatar tsoho ta fi takarda saurin yagewa. Mutum biyu su kama zanin da ke ƙarƙashinsa su ɗaga. In an jingine shi don cin abinci, bayan ya huta a sauke kan gadon, don zamewar da yake yi a hankali tana jan naman tsatso tana tsinka jijiyoyin ciki. Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari kada ta taɓa fata, a ɗora zanin auduga a kanta, a miƙe shi ba tattara. A lalube shimfiɗar da hannu: carbi, ɓawon gyaɗa, ko robar fitsari da ta shige ƙarƙashin cinya, kowanne yana iya huda fata a dare ɗaya. In ya yi fitsari ko bayan gida a wanke nan take da ruwan ɗumi, a tsane da tsumma ba gogawa, a shafa basilin kaɗan. Wanda ake zaunarwa a keken guragu a gyara masa zama aƙalla duk awa ɗaya.

Akwai abubuwan da ake yi da kyakkyawar niyya suna ƙara ɓarna. Tausa a wurin da ya yi duhu tana ƙarasa naman da ya jikkata. Man zafi haka. Gammon da ake naɗawa a zaunar da mutum a kai yana datse jinin kewayen wurin ne. Katifa mai iska tana taimakawa in akwai wuta ko sola, amma ba ta ɗauke juyawa. In fata ta riga ta fashe, a wanke da ruwan gishiri na asibiti da ake sayarwa a kemis. In babu, a tafasa ruwa lita 1 da gishiri giram 9, wajen ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a bar shi ya huce, a sake sabo kullum. Ban da toka, ban da garin kafso, ban da sifirit, ban da garin magani na gida da ba a san me ke cikinsa ba, balle ƙasa ko kashin dabba da ke jawo ciwon sarƙewar haƙora. Da zarar an ga baƙin nama, ko ruɓa mai wari, ko zazzaɓi, ko tsohon ya fara ruɗewa, an wuce aikin gida.

Ciwo kuma ba ya cika da farau-farau. Nama da nama ake gina shi: ƙwai, wake, awara, nono, kifi, kunun gyaɗa mai kauri. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, wani ma da gangan yake ƙin sha don kada ya wahalar da mutane da fitsari. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, wannan kaɗai yana kwantar da ƙoda. Lita 1 da rabi zuwa 2 a rana, wato ledar ruwa 3 zuwa 4, kurɓi-kurɓi, sai dai in likita ya taƙaita saboda ciwon zuciya ko na ƙoda. Fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, harshe ya bushe, to ruwa bai isa ba.

Faɗuwa yawanci da dare ce, a hanyar makewayi. Duhu, dokin ƙofa, bakin tabarma da ya naɗe, silifas da ya yi yawa, santsin bakin rijiya. Ga maganin hawan jini da ke sa jiri in an miƙe farat ɗaya, ga ƙwayar barci da ake sayowa a kemis don tsoho ya daina surutun dare, wadda ita kanta tana cikin manyan masu kayar da tsofaffi. Fo ko kujera mai rami a gefen gado, fitila a kunne, zama a bakin gado na minti biyu kafin miƙewa, sun fi kowane ɗori arha. In ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ka ga ƙafar ta gajarce ta juya waje, ƙashin ƙugu ne ya karye. Wannan ba karayar mai ɗori ba ce, ƙashin yana can cikin tsoka inda kara da tsumma ba sa kaiwa. Aiki ake yi, kuma an fi so a yi shi cikin kwana biyu, domin kwanciyar watanni ita ke jawo gyambo da ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan a Kano, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga Rasheed Shekoni a Dutse, ga asibitin tarayya na Birnin Kudu. In kuwa kansa ya bugu, a sa masa ido har makonni: jini yana iya taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai, ya fara barci da ruɗewa, a ce gigin tsufa ne.

Mai shanyewar ɓarin jiki ba a ɗura masa kunu yana kwance. A zaunar da shi tsaf, ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye, ya ci gaba da zama minti 30 bayan ya gama. Tari a kan kowace loma, ko murya ta koma kamar mai kurkure, alama ce abinci na bin hanyar iska. Zazzaɓin da ke biyowa bayan kwana biyu daga nan yake. A hunturu kuma kaskon garwashi ne. Mai ciwon suga sau da yawa ba ya jin zafi a ƙafa, sai ta gasu bai sani ba, ga hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki da ke kisa ba wari. In an ƙone, ruwa mai sanyi ake kwarara wa wurin minti 20, ba ƙwai ba, ba man goge baki ba.

To in abin ya faru a hannun wani, ina aka dosa?

Gaskiya ta farko mai ɗaci: ba kowane gyambo ne sakaci ba. Wanda jikinsa ya gama ƙarewa yana iya samun sa ko ana juya shi a kan lokaci. Kotu abu huɗu take nema: cewa kula da shi nauyi ne a kan wanda ake ƙara, cewa ya gaza yin abin da takwaransa mai hankali zai yi, cewa gazawar ce ta jawo raunin, da kuma asarar da aka yi. A asibitocinmu, inda 'yan uwa ne ke kwana a ƙasan gado suna wanki da ciyarwa, amsar da za a fara ba ka ita ce "mai jinyarku ce ba ta juya shi ba." Wannan bai wanke ma'aikatan asibitin duka ba. Duba fatar mara lafiya ranar da aka kwantar da shi, nuna wa mai jinya yadda ake juyawa, rubuta abin da aka gani, wanke ciwo, ɗaga ƙarfen gefen gado ga wanda ya ruɗe, sanar da likita in abu ya sauya, duk aikin ma'aikatan jinya ne. Ɗaure tsoho da igiya ko tsumma a jikin gado har ya ji ciwo, ko barin robar fitsari watanni ba sauyi, ba wanda zai ce laifin mai jinya ne.

Shari'a da hujja ake yin ta, hujja kuwa tun ranar farko ake tara ta. Ranar da aka kwantar da shi, a ɗauki hoton tsatso da dunduniya da waya, a rufe al'aura. Wannan hoton shi zai nuna lafiya fatar ta shigo. In ciwo ya fito, a riƙa ɗauka duk kwana biyu, a ajiye rular 'yan makaranta a gefensa don girmansa ya bayyana. A sayi littafin rubutu: kwanan wata, ƙarfe nawa, wa aka gaya wa, me ya ce. A adana kati, rasit, takardun magani da na gwaji. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibiti ajiye bayanan kowane mara lafiya, ta ba shi haƙƙin a yi masa bayanin halin da yake ciki, ta ba shi haƙƙin kai ƙorafi a bincika. Sashe na 20 ya hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa ko da wane dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. A nemi rahoton likita a rubuce, a riƙe kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa. A kai shi wani likita daban ya gani ya rubuta. In rai ya yi halinsa, mu mutane ne masu gaggauta jana'iza, kuma daidai ne, amma a karɓi takardar shaidar mutuwa, a ɗauki hoton raunin kafin wanka, a tuna cewa masu wankan gawa shaidu ne. In ana zargin kisa ne ta hanyar ganganci, binciken gawa kafin binnewa shi ne hujjar da ba ta dawowa.

Abu biyu ke rusa ƙarar mai gaskiya: dukan ma'aikaci, da zuba sunan mutum a Facebook da zargin da ba a tabbatar ba. Na farko laifi ne, na biyu ƙarar ɓata suna ce, sai mai neman haƙƙi ya koma mai kare kansa.

Ƙorafi yana farawa daga shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin, sai shugaban asibitin, a rubuce. In na jiha ne a wuce hukumar kula da asibitoci ko ma'aikatar lafiya. In na kuɗi ne a Kano, hukumar PHIMA ce ke sa musu ido. Likita ana kai shi majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, da takardar rantsuwa, kwamitin bincike ya duba, in akwai abin tuhuma a tura kotun ladabtarwarsu. Tana iya jan kunne, ko dakatarwa har wata 6, ko soke suna daga rajista. Ma'aikatan jinya da ungozoma suna da tasu majalisar. Amma a sani, waɗannan ladabtarwa suke yi, ba sa sa a biya ka ko kwabo. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya da ayyuka, FCCPC, wadda ke riƙe da kundin haƙƙoƙin mara lafiya da aka ƙaddamar a 2018, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya, wadda ba ta sauraron abin da ya wuce wata 12.

Kuɗin magani, ladan wahala da asara, babbar kotu ce ke yanke su. A nan ne tarkon da ya fi kama mutanenmu yake. Dokar kare jami'an gwamnati ta ce ƙarar da za a kai jami'i ko hukumar gwamnati kan sakaci a bakin aiki, a shigar da ita cikin wata 3. Akwai togaciya, kamar in cutarwar tana ci gaba, amma kada wanda ya dogara da ita. Ka duba al'adarmu: sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, sannan takaba wata 4 da kwana 10. Ranar da matar mamaci ta fita takaba aka ce bari a zauna a yi magana, ƙofa ta riga ta rufe. Wasu hukumomin ma dokarsu ta ce sai an ba su takardar sanarwa kafin a kai su ƙara, wannan ma yana cin kwanaki. Ƙorafin da ka kai ofis ba ya tsayar da wannan lissafi. A ga lauya a makon farko ko na biyu, ko da ba a yanke shawarar zuwa kotu ba. Wanda ba shi da hali ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, tana da ofis a Kano da Dutse. Kuma a nemi likitan da zai tsaya ya yi bayani a gaban alƙali. A shari'ar Ojo da Gharoro da Kotun Ƙoli ta yanke a 2006, guntun allurar ɗinki ya karye ya zauna a cikin wata mata bayan tiyata, amma ba ta yi nasara a shari'ar ba, don ba a tabbatar wa kotu cewa sakaci ne ya jawo ba. Ganin rauni kaɗai bai isa ba.

In abin ya kai duka, ko horo da yunwa, ko ganganci da ya jawo rasa rai, wannan laifi ne, 'yan sanda ake kai wa. Jigawa kuma tana da dokar hana cin zarafin mutane da aka sanya wa hannu a 2021.

Masu cewa neman haƙƙi rashin tawakkali ne su koma wa malamansu. Hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito ya ce wanda ya yi magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, lamuni yana kansa, wato shi zai ɗauki ɓarnar da ya jawo. Wannan ya hau kan mai allurar ƙauye da ba shi da takarda, da mai ɗorin da ya ɗaure ƙafa tamau har ta ruɓe. Wadda aka ɗauka aikin jinya amana ce a hannunta, ba ta biyan abin da ya fi ƙarfinta, amma tana ɗaukar abin da ta yi wa sakaci. Sai dai kafin a tuhume ta, 'ya'yan su tambayi kansu: mace ɗaya, dare da rana, ba mai karɓarta, ba kuɗin kunzugu, wa ya yi sakacin? A mazhabar Malikiyya ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace, kuma alƙalin kotun shari'a yana iya tilasta shi. Ɗan uwan da aka bar wa jinya shi kaɗai yana da damar kai sauran gaban mai unguwa ko dagaci, ko Hisba, in ya ƙi ci a je kotu.

Yawancin irin waɗannan maganganu a sulhu suke ƙarewa, kuma ba laifi, sulhu ya fi sauri ya fi arha. Amma a yi shi ido buɗe. Kada a sa hannu a takardar yafiya kafin likita ya faɗi tsawon jinyar da ta rage da abin da za ta ci, domin gyambo mai zurfi yana iya cin wankin ciwo na wata shida. In tsohon yana cikin hankalinsa, haƙƙin nasa ne, shi za a tambaya: "Baba, ka yafe ko a bi maka?" In ya rasu, diyya ta magada ce, kuma babban wa ba shi da ikon yafe rabon maraya don a ce masa mai haƙuri. Takardar sulhun ta faɗi adadin kuɗi, ranar biya, wa zai ɗauki wankin ciwo da kuɗin mota zuwa asibiti, da abin da zai biyo baya in an saɓa. Shaidu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi, a ajiye na uku a wurin dagaci.